Furen Ɗorawa Kwalba Biyu

Sallama gare ku 'yan uwana mata, har da mazan da ke laɓe suna karantawa alhali sun rantse ba sa karanta labarin soyayya. Na gan ku, ku ma ku gyara zama. Yau ba hira na kawo muku ba, kaina ne ya yi ɗaurin huhun goro, kuma ban san ta inda zan fara kwance shi ba.

Sunana Rukaiya. A garin Gazawa nake, nan jihar Maraɗi, gidanmu yana bayan tasha. Na yi lakol, wato makarantar boko, har koleji, na iya Faransanci daidai na karanta kwalin magani, yanzu kuma ɗinki nake a kan keken Inna. Maza biyu ke nemana. Na farko Maharazu, mushe ne, wato malamin makaranta, ɗan unguwarmu, amma an jefa shi wata lakol ta ƙauye can bayan Gidan Sori, inda sai ya hau tudu yake samun rezon waya. Shi nake so, kuma ba zan yi muku kwana-kwana a kai ba. Na biyu Ɗanbaba, ɗan aminin Baba, mai shagon babura a bakin tasha, kullum yana kan hanyar Najeriya. Ba shi da wani aibu da zan nuna da yatsa. Yana gaida manya, yana da hannun kyauta. Kawai dai in ya yi mini murmushi ba abin da ke motsi a ƙirjina.

Bakina ne ya fara jawo mini. A bikin ƙawata Marwa, angonta ya sa mata wani turare cikin lefe, na ainihi, daga Yamai, sunansa Fleur d'Orane. Ta fesa mini sau ɗaya a gefen mayafi. Da ƙamshin ya bugi hancina sai na manta ɗakin cike yake da mata, na ce, “Wallahi duk namijin da ya kawo mini wannan ya gama da ni.” Aka yi shewa. A cikin masu shewar akwai ƙanwar Maharazu, akwai yayar Ɗanbaba. Magana kuwa zarar bunu ce.

Ana cikin hidimar zaɓe, lokacin da sojoji suka ce za su maida mulki hannun farar hula, gari ya cika da motoci masu lasifika da zannuwan jam'iyya, sai ga Gogo Shatu ta shigo gidanmu tana haki. Ƙanwar Baba ce, dillaliya, ba gidan da ba ta shiga da ƙatuwar jakarta. Ta daɗe tana aure a Gidan Rumji, ta dawo mana da bakin Gobirawa.

“Ke Rukaiya, taho ki amshi kayanki. Ƙahwata ta gaji da aiken samari.”

Ta zazzage jakar a kan tabarma. Daga cikin atamfofin mutane da sarƙoƙi, kwali biyu suka gangaro. Duka ruwan hoda. Duka da zanen fure mai ruwan zinari. Duka a liƙe cikin leda mai ƙyalli.

“Toshi na,” in ji ta. “Guda na mushe, guda na Ɗanbaba. Mi sunanshi ma? Furen ɗorawa?”

“Fleur d'Orane, Gogo.”

“To ai shi nac ce. Ɗorawa.”

Ina dariya ina juya kwalayen. “Wanne ne na mushe?”

“Mai huren nan.”

“Gogo, duka biyun suna da fure.”

Ta karɓa ta kai su kusa da ido, ta nisanta, ta sake matsowa da su. Sai ta ajiye ta kama haɓa. “Kai, ɗiyan zamani! Mushe yab ba ni nashi da sahe zai hau mota, wancan yab ba ni da azahar. Cikin jaka guda nis sa su, sun wuni suna birgima. Ni na iya karatun nasara? Ki dai ɗauka, duk turare na.”

Na daina dariya.

Da yamma Baba ya kira ni zaure. Baba ba mai yawan magana ba ne, kuma bai taɓa cewa dole sai wane ba. Ya ce, “Na ji abin da Shatu ta kawo. Gida guda ba ya riƙe toshin mutum biyu, ba mu gada ba. Wanda ba ki so ki maida mashi kayanshi. Wanda kika riƙe, in an gama zaɓen nan ya turo magabatanshi.”

Na ce to, kaina a ƙasa. A zuciyata kuwa murna nake, ga ƙofa an buɗe mini. In maida wa Ɗanbaba nasa, shi ke nan. Sai da na koma ɗaki na ga kwalayen nan biyu a kan gado suna kallona sannan na tuna ban san wanne ne nasa ba.

Na san me za ku ce: ki tambaye su mana. To ku ji. Maharazu bai san Ɗanbaba ya aiko da komai ba, kuma ya taɓa faɗa mini da bakinsa cewa ranar da ya ji wani mai ƙarfi ya shigo layi, shi zai janye, ba ya ja da wanda ya fi shi. Mutum ne mai zuciya, irin masu haɗiye abu su yi shiru. Shi kuwa Ɗanbaba, in na tambaye shi wanne ne nasa, kafin magariba duk tasha ta ji cewa Rukaiya tana tara turaren maza har ta rasa na wa da na wa.

Sai na bi ta bayan gida. Na ɗauki salulata na rubuta wa kowannensu godiya. Ɗanbaba ko minti bai yi ba ya amsa:

“Gimbiya kin ga kaya ko? Orijinal ne daga Dubai. Ba irin na 'yan tebur ba.”

Na Maharazu sai washegari ya shigo:

“Alhamdu lillahi da ya iso. Kar in yi miki ƙarya, ba na ainihin ba ne, kwafi ne. Amma da zuciya ɗaya na saye shi.”

Na karanta wannan saƙon har na haddace shi. Sai na ɓare ledojin a hankali na fito da kwalaben. Siffarsu ɗaya, murfinsu ɗaya, ruwan ciki ne kawai ya bambanta: ɗaya ruwan hoda, ɗaya ruwan shayi mara kauri. Dabara ta zo mini, na rubuta:

“Mushe, ruwan cikin wane launi ne ma?”

Da amsar ta zo sai da na rufe fuska. “Kwalba tana hannunki, ni ina Gidan Sori, ni kike tambaya launi? Ko Gogo ta shanye shi a hanya?”

Na ce wasa nake. Ban sake ba.

Allah ya kawo Marwa. A Agye take aure, amma katin zaɓenta na Gazawa ne, don haka ta zo gida. Na ja ta ɗaki na tura ƙofa na faɗa mata komai. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta buɗe jakarta ta fito da nata na ainihin, saura ɗan kaɗan a gindin kwalba.

“Kawo su. Ai ƙarya ba ta tsayawa kusa da gaskiya.”

Muka jera ukun a kan zanen gado. Na Marwa yana da nauyi a hannu, murfinsa in ka rufe sai ya ce ƙas, sunan kuma a jikin gilashin aka sassaƙa shi. Nawa biyun ba nauyi, murfinsu yana rawa, zinarin yana kankaruwa da farce. A jikin mai ruwan hoda an rubuta Fleur d'Oranne, an ƙara masa harafi. A jikin mai ruwan shayi an rubuta Fleur Dorane, an haɗe sunan wuri ɗaya. Duka biyun sun rantse daga Faransa suke, sun biyo ta Dubai.

“To ga orijinal ɗin Ɗanbaba,” in ji Marwa. “Ko an cuce shi, ko yana so ya cuce ki. Ba orijinal a nan.”

“Ni ba wannan ne damuwata ba. Wanne ne nasa?”

Ta ɗauko mayafina fari, ta fesa mai ruwan hoda a wannan bakin, mai ruwan shayi a wancan, nata a tsakiya.

Mai ruwan hoda bai yi sallama ba. Yana fita ya doki hanci da warin alkol irin na ɗakin allura, sannan zaƙi ya biyo baya, zaƙin alawa da sabulun wanka, ya cika ɗakin har tsakar gida. Mai ruwan shayi kuwa da farko har na zaci ruwa ne. Ɗan ɗaci-ɗaci kawai na ji kamar ɓawon lemo. Sai da muka yi hira muka manta da shi sannan wardi ya fara fitowa a hankali, da wani sanyi irin na furen bedi, wato darbejiya, da yamma. Na Marwa yana tsakiya yana abinsa cikin nutsuwa.

Muka shinshina nan, muka shinshina can, har hancinmu ya daina aiki. Marwa ta ce a shaƙi ganyen shayi hanci ya farfaɗo. Muka shaƙa. Komai ya koma ƙamshin shayi. Na ce na hagu ya fi kama da na tsakiya, ta ce na dama, muka duba ashe mun juya mayafin. Kaina ya fara sarawa.

Inna ta turo ƙofa tana atishawa. Ni ce 'yar fari, ba ta faɗin sunana.

“Ke 'yar nan, shagon turare kuka buɗe mani cikin gida?” Ta ɗauki mayafin ta kai hanci, wannan bakin, wancan bakin. Ta nuna na ruwan hoda. “Wanga mai cika ɗaki ai na Ɗanbaba ne. Halinshi ke nan, kafin ya shigo an san ya iso.”

Ta fita abinta. Ni kuwa sai zargi ya kama ni. Kowa ya san Inna Ɗanbaba take so, kullum maganarta ɗaya, wai matar mushe a ƙauye take ƙarewa tana jiran albashi. In ta ce in maida mai ruwan hoda, anya ba so take in maida na Maharazu ba? Amma kuma ita ma ta ina ta sani? Ko Gogo ta tuna ta raɗa mata? Ko kuwa ta san zan zarge ta, shi ya sa ta faɗi gaskiya don in ƙi? Jama'a, na zauna ina zargin uwar da ta haife ni a kan kwalbar turare.

Marwa ta ce, “Bar mayafin ya kwana. Turare da mutum, sai an jima ake sanin halinsu.”

Kafin la'asar mai ruwan hoda ya mutu murus, abin da ya bari wani ɗan wari ne kamar na sabuwar roba. Mai ruwan shayi kuwa da safe yana nan. Na shiga madafa da mayafin, hayaƙi ya bi ta kansa, na fito yana nan. In ka rufe ido da ƙyar za ka raba shi da na Marwa.

Marwa ta tafa hannu. “Magana ta ƙare. Kwafi ma suna da daraja-daraja. Mai kyan nan ya fi tsada, wa ke da kuɗin sayensa? Mai babura. Mushe da bakinsa ya ce miki nasa kwafi ne. Mutumin da ke cin gari da ƙuli a ƙauye, ai mai arahar zai iya.”

Maganar ta zauna mini daidai. Har tausayi ya kama ni. Na ɗauki mai ruwan hoda na rungume, na ce a raina ko warin roba kake, kai nake so. Muka maida mai ruwan shayi cikin kwalinsa, Marwa ta liƙe ledar da wutar kyandir yadda ba mai ganewa. Na kai wa Gogo.

“Ki kai wa Ɗanbaba. Ki ce na gode, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.”

“Kin tabbata wanga na nashi?”

“Na tabbata, Gogo.”

Da ta dawo na tare ta a ƙofa. Ta ce ya buɗe kwalin a gabanta, ya ɗaga kwalbar yana kallo, sai ya fashe da dariya, har ya saya mata lemo mai sanyi. “Ni dai ban taɓa ganin wanda anka maida ma toshi shina murna ba,” in ji ta. Na ce ƙila ƙarfin hali ne irin na maza.

Ranar zaɓe muka yi layi a filin lakol tun da hantsi, na jefa ƙuri'ata ta farko a duniya, aka tsoma mini yatsa a tawada. Maharazu yana can yana aikin buron zaɓe a ƙauyen da yake koyarwa. Da aka gama ƙirga ya rubuto: “Jibi in sha Allahu ina tafe. Akwai maganar da zan yi da ke kafin in ga su Kawu a kan maganar aurenmu.”

Ranar da zai zo, tun azahar na fara shiri. Na sa shaddata mai ruwan ƙwai wadda na ɗinka da hannuna, na yi ɗaurin da Marwa ta koya mini, na zizara kwalli. Tawadar zaɓe tana nan a yatsata, na goge da toka da lemo ta ƙi fita. Da na ji an yi sallama da ni bayan la'asar, na ɗauko mai ruwan hoda. Na san ba ya daɗewa, don haka ban yi masa rowa ba. Wuya, hannu, mayafi, har gefen zane. Ina so tun daga soro ya ji cewa nasa na riƙe.

Yana zaune a kan tabarma a zaure, rigarsa duk ƙurar hanya, ya rame. Na durƙusa na gaishe shi.

“Mushe, sannu da hanya. Ya aikin zaɓe?”

Na ga hancinsa ya motsa. Ya rufe ido na ɗan lokaci, ya buɗe. Sai ya sa hannu a jakarsa ya fito da kwali ruwan hoda, ledarsa da tabon kyandir, ya ajiye tsakaninmu.

“Ina sauka mota Ɗanbaba ya kira ni shagonsa,” ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. “A gaban mutane ya miƙo mini wannan. Ya ce Gogo ta yi ɓatan kai ta kai masa, kin ce a maida wa mai shi. Ya ce nasa yana wurinki.”

“Mushe…”

“Ban yarda ba. Na ce sai na zo na ji da hancina.” Ya ɗan yi murmushin da ba na daɗi ba. “Wannan da ke jikinki na san shi, Rukaiya. A kasuwar Maraɗi iri huɗu na tarar. Na sa mai shagon ya fesa mini kowanne a hannun riga, na tafi na wuni ina yawo, na dawo da yamma. Wannan ne ya fara mutuwa. Wanda ya rage a rigata shi na saya miki.”

Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Ƙamshin alawar nan ya cika zauren, ba inda zan ɓoye shi.

“Wallahi kuskure ne. Gogo ce ta haɗa su a jaka ɗaya, ba ta san na wa da na wa ba. Kai na zaɓa, wallahi kai na zaɓa. Na gwada su ne, na ga wannan bai da kyau, shi ne na ɗauka…”

Na ji abin da zan faɗa tun kafin ya fito, amma bakina ya riga ni.

“…na ɗauka shi ne naka.”

Ya dube ni. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

“Wato da kika shinshina biyun,” ya ce a hankali, “wanda ba ya kai la'asar shi ya yi miki kama da ni.”

Me zan ce? In ce a'a, ƙarya ne. In ce e, na ƙarasa shi. Hawaye suka wanke kwallin da na ɓata lokaci ina zizarawa.

Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya rataya jaka. A bakin ƙofa ya yi kiciɓis da Baba, tare da wani dattijo mai babbar riga da na gane shi sarai, baffan Ɗanbaba ne, hannunsa riƙe da ƙullin goro. Maharazu ya durƙusa ya gaishe su kamar ba komai, ya sa takalmansa ya fita, bai waiwayo ba.

Baba ya shigo, ya ja hanci, ya dube ni. “To, madalla. An ce mani kin riƙe na wajen Ɗanbaba, ga shi kuwa na ji da kaina.” Sai idonsa ya sauka kan tabarma. “Wannan kuma fa?”

Sai a lokacin na gani. Maharazu bai ɗauki kwalinsa ba. Yana nan inda ya ajiye shi, daf da gwiwata.

'Yan uwa, ku da kuka fi ni sanin maza, ku faɗa mini. Mutumin da aka maida wa toshinsa ya dawo da shi da ƙafarsa ya ajiye a gabanki ya tafi, sake ba ki ya yi, ko kuwa jefar da shi ya yi don ba ya son ko ganinsa? Baba yana tsaye yana jiran amsa, dattijon nan ya fara kwance bakin ƙullin goro, turaren Ɗanbaba yana tashi daga jikina kamar ni na gayyato su.

Na miƙa hannu, da yatsar nan mai tawada, na jawo kwalin na ɗora a cinyata.

“Baba,” na ce, “wannan nawa ne.”

Dattijon ya tsaya da kwance goron.